Kuskuren da Ke Kan Allo

Kafin ya kashe motar, Direba ya saci kallon 'yarsa ta madubi ya fi sau biyar. Tana ɗofane a kujerar baya, hannuwa bisa gwiwa, kamar mai tsoron kada ta ɓata wa kujerar rai. Shekara goma sha shida yana jan motar Likita, bai taɓa ɗauko jininsa a cikinta ba sai yau. Kusa da ita kuwa 'yar Likita ce, wadda ma'aikatan gidan ke kira Gimbiya a bayan idonta, ta miƙe ƙafafu tana taunar cingam.

"Uwata, mun iso," ya ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bakinsa ba ya kama sunanta.

Yara ɗari huɗu suka zauna jarrabawar neman gurbin karatu kyauta a wannan makaranta mai dogayen gine-gine da ciyawa kamar darduma. Goma aka kira ganawar baka, kuma sunan 'yarsa ne a saman takardar. Gimbiya ce ta tara a jerin. Likita zai iya biya wa 'yarsa makarantar, ko gezau ba zai yi ba, amma ya ce a je dai, cin gasa ma ado ne a gida. Gurbin kuwa ɗaya ne tak. In Uwata ta samu, ƙofa ta buɗe har jami'a. In ta rasa, sai makarantar unguwa, inda yara tamanin ke cushe a aji guda, malamin lissafi kuma shekara biyu ke nan ana jiran a turo shi.

A bakin ƙofa ya gyara mata wuyan riga, ya rage murya.

"Kada ki zauna sai an ce ki zauna. Kada ki tsura wa babba ido. Abin da aka tambaye ki, shi kaɗai za ki amsa."

"Na sani, Baba."

Ai kuwa ta sani. Direba ba shi da gida, ba shi da gona, amma yana da abu guda da yake taƙama da shi, ya san yadda ake tsayuwa gaban manya. Direbobi nawa aka kora daga gidan Likita kafin shi, duk saboda tsawon harshe. Shi in Likita ya ce a bi hagu, ko ya san an rufe hanyar, hagun zai bi, su je su tarar da shinge, ya juyo da mota bai ce uffan ba. Da wannan ya ci, ya ciyar, ya yi wa yarinyar nan rajistar jarrabawa. Kuma wannan halin ya zuba mata tun tana rarrafe.

* * *

A ƙarƙashin bishiyar da direbobi ke jira, wani mai ƙaton ciki ya tambaye shi 'yar wane ya kawo.

"Biyu na kawo," in ji Direba, yana kaɗa makulli a yatsa. "Ɗaya ta maigida, ɗaya tawa."

"Taka? Rakiya ta yo?"

"Je ka duba takardar da ke jikin ƙofa. Sunan farko, ba sai ka wahalar da idonka zuwa ƙasa ba."

Aka kwashe da dariya, aka yi ta miƙo masa hannu. Wani ya ce lallai a yi masa biyayya tun yanzu, uban likita ne nan gaba. Direba ya ce a'a, injiniya take so, ita ce fa ta gyara musu rediyo da cokali. Bakinsa har kunne. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun ranar da aka haife ta.

Da azahar ta fito. Sai da ta matso daf da shi sannan ta yi magana, idonta na sheƙi.

"Baba, duk na amsa. Sai wani dattijo mai furfura ya tashi ya yi lissafi a allo, dogo. A layi na uku ya yi kuskure, ya sa tara inda ya kamata ya sa shida. Daga nan komai ya karkace."

"Kin gani?"

"Tun bai ajiye alli ba na gani. Sai ya juyo ya ce, 'Yaya kika ga aikina?' Ga mutum huɗu zaune suna kallonsa. Na ce ya yi kyau, Malam."

Direba ya ji ƙwalla ta taho masa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta rufa wa dattijo asiri a gaban abokan aikinsa! Wane kuɗi ke sayen wannan?

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kin fitar da ni kunya."

* * *

Ba su kai titi na biyu ba Gimbiya ta kira mahaifiyarta a waya, da muryar nan tata mai cika mota.

"Mami, kin san me? Irin wasan da Dadi ke mini a tebur suka yi! Tsohon ya rubuta ba daidai ba da gangan, wai ya ga wa zai kama shi. Na ce, 'Malam, layi na uku ba haka ba ne.' Ban ma san amsar ba fa, na dai ga ba ta yi kama ba. Ya yi ta dariya, ya ba ni hannu. Ai malamin da ke zuwa gida ya ce duk shekara sai sun yi."

Direba ya rage gudu. Sitiyarin da ya saba juyawa da yatsa biyu ya koma masa kamar na tirela. Bai ɗaga ido ya dubi madubi ba har suka isa.

Bayan mako biyu Likita da kansa ya faɗa masa, yana ɗaura agogo a bayan mota. Gimbiya ce ta samu gurbin.

"Yarinyarka akwai kai, kowa ya faɗa. Malaman sun ce dai ba ta da ta cewa. Ka riƙa barin ta tana magana a gida mana."

Direba ya ce zai kiyaye, ya yi wa Likita barka, ya tada mota.

* * *

Ran Asabar da la'asar yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki. Uwata na ninke wanki, mahaifiyarta na tsintar shinkafa tare da maƙwabciya. Ya daɗe yana juya wani tsohon littafinta a hannu. Can ya ɗauki fensir ya yi rubutu a bangon baya, manya-manya.

"Uwata, zo ki duba mini. Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu ne ko?"

Ta zo ta rusuna. Ya ga idonta ya sauka kan lambar, ya ga leɓenta ya motsa. Ya yi ta roƙon Allah a ransa.

"Haka ne, Baba."

"Duba da kyau fa. Ni ban yi nisa a boko ba, ina iya kuskure."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Yadda ka ce, Baba."

Mahaifiyarta ta taɓo maƙwabciya da gwiwar hannu, fuskarta cike da murmushi.

"Kin gani ko? Ko da wasa ba ta musu da ubanta."

Uwata ta koma kan wankinta. Direba ya zauna da fensir a hannu, yana kallon hamsin da huɗun da babu wanda zai gyara.