Wurin Zaman Wakilin Baƙi

Shekara tara Bulama Ajimi yana halartar majalisar Hakimi, kuma shekara tara wurin zamansa bai gusa ba: bakin ƙofa, kusa da inda manya suke tuɓe takalma. Shi ne Wakilin Baƙi, wato bakin mutanen Borno da rikici ya koro, suka kafa 'yar unguwarsu a bayan garin Gombe, ƙetaren kwari. Rawani kam an naɗa masa, har da ɗaukar hoto. Amma ƙa'idar zaman ita ce, ba ya buɗe baki sai an taɓo maganar baƙi, in kuma an zo yanke shawara ba a ƙirgawa da shi. Wai wakili ke nan!

Ranar Talatar nan tun da sassafe ya iso, don labari ya iske su cewa za a yanka filin da suke binne matattunsu a yi shaguna. A can matarsa Ya Bawa take kwance, ita da ta yi kwana huɗu tana tafiya a ƙasa daga garinsu, ba ta mutu ba sai da ta sami inda za a rufe ta da mutunci. Mutanen unguwa har bakin titi suka rako shi, suna cewa, "Bulama, kai ne bakinmu."

Magatakarda Malam Rabe ya buɗe takarda ya ce, "Sai batun filin da ke gabas da kwari."

Ajimi ya yunƙura. "Ranka ya daɗe..."

"Haba Wakili," in ji Malam Rabe, ko ɗago kai bai yi ba. "Wannan maganar fili ce, ba maganar baƙi ba. In an zo taku za a kira ka."

"Ai mutanenmu ne a cikin filin."

"A takarda dai babu kowa a ciki."

Ya koma ya zauna. Masu unguwanni suka bi layi, kowa na cewa ya amince, har da waɗanda suka taɓa bin gawa zuwa wurin nan da ƙafarsu. Ko shayi bai isa ya huce ba aka gama. Kaico, in ba rami, me ya kawo maganar rami? Amma ga rami fiye da ɗari biyu, an ce babu.

Can sai aka ɗaga murya: "Wakilin Baƙi!"

Murna ta kama shi. Ya rarrafo tsakiyar zaure ya durƙusa, duk abin da ya kwana uku yana shiryawa na bakinsa.

"To, yanzu an zo taku," in ji Hakimi cikin taushin murya. "Ka isar wa mutanenka, bayan Sallah katafila za ta shiga. Ka lallashe su, ban son hayaniya. Ai saboda irin wannan ranar muka naɗa ka."

Ya fito ya lalubo takalmansa a ƙarƙashin na mutane. A bakin kwari ya tarar da jama'a a tsaye cikin rana, 'yarsa Halima Sadiya a gaba.

"Baba, ka gaya musu Ya Bawa tana kwance a wurin?"

Ya kau da kai gefe.

"Baba, ka dai yi magana ko?"

"Na yi."

"Me ka ce?"

Ya kwance rawanin, ya share zufa da shi. "Na ce Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya."