Na Bar Oga Dabo a Zauren Kwandiko

Ke Khairiyya, wallahi har yanzu in na tuna zaman da ya yi a zauren nan da kwali a gabansa sai dariya ta ƙwace min. Jiya ina ba Bara'atu nono ina dariya ni kaɗai, har maigidana Yunusa ya ce ko dai a kai ni a yi min tofi. Na san kin ji ƙishin-ƙishin, to bari ki ji daga bakina.

Kin dai san yadda Oga Dabo ya yi mana a kamfanin garin sabulun nan. Mu ne muke shiga gida-gida a Birnin Kudu da Sundimina, mu wanke tsumma a gaban mata su gani su saya. Da na dawo daga wankan jego da yarinya a bayana, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce kamfani ba gidan raino ba ne. Ya ce in je gida in jira, zai kira ni. Haka ya faɗa wa Murja da Zahara'u, haka ya faɗa miki. Ya ɗauko samari ya ba su babura da lasifika. Ni kuwa sokuwa, waya ko banɗaki da ita nake shiga. Idan na kira shi ba ya ɗauka.

Daga nan na shiga yawo. Na yi shagon layukan waya, ban daɗe ba aka ce ciniki ya ja baya. Na koma wajen mai kayan kwalliya a bakin kasuwa, nan ma kafin in gama sanin kuɗin turaruka ya sallame ni. Masu fitilar sola su ma haka. Sai daga baya matar mai kayan kwalliyar ta tsegunta min cewa duk inda na sa ƙafa sai an tambayi Dabo halina, tunda shi ne tsohon ogana, shi kuma sai ya ce ai Lailatu ba ta zama, yau ciwon 'ya gobe rigakafi. Duk garin nan sunana ya koma wadda ba ta zama. Har na fara tunanin in haƙura in koma soya awara a ƙofar gida.

Sai na ji Hajiya Ummussalma ta Gwaram, mai haɗa yaji da daddawa a 'yan ledoji, tana neman wanda zai riƙe mata talla a ƙauyuka. Mutum ɗaya take so. Na goya 'yata na hau mota. Ina shiga shagon, wa zan gani a kan benci? Dabo, cikin farar shadda an sha guga. Ashe samarin nasa ba su sayar da komai ba, lasifika ba ta shiga tsakar gida ta wanke tsumma, kamfani ya kore shi shi ma.

Hajiya ta tambaye ni me ya sa ko'ina ba na daɗewa. Kafin in buɗe baki ya yi murmushi ya ce ai yarinyarsa ce, tana da ƙoƙari, lalurar goyo ce dai kawai. Na haɗiye. Hajiya ta ce ita ba ta gane dogon bayani, ta ba kowa kwali ɗaya, ta ce a dawo mata kafin magariba, ta ga abin da mutum ya iya.

Ni Kwandiko na nufa, garin su innata, don na san ana suna a gidan Malam Sada mai makarantar allo. Ina hawa babur na waiga, sai ga Dabo a wani babur a bayanmu. Ya san na san mutane, shi ya sa ya biyo ni. Muka isa gari tsit, damina ce, maza duk suna gona, matan gari kuwa kaf sun tattare a gidan sunan. Ya ɗan zaga da kwalinsa, daga awaki sai tsofaffi. Gidan Malam kuma ba a shiga, ko ƙanin miji iyakarsa zaure.

Nan fa murya ta yi laushi. Wai Lailatu ƙanwata, abin da ya wuce ya wuce, in shiga in yi wa matan bayani su riƙa aiko da saye waje, idan ya samu aikin ni ce mataimakiyarsa. Na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Na gaida Malam Sada, na ce ga baƙo daga Birni. Malam ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Na ɗauki kwalina, na juyo na ce masa:

"Oga, ka zauna nan ka jira. Zan kira ka."

Wallahi bai ma gane ba. Har da cewa Allah ya yi min albarka.

Ina shiga aka hau rungumata, aka karɓe Bara'atu, wannan ta ɗauka wannan ta cilla, wai ta yi goshin kakarta. Na tarar ana miyar taushe a babbar tukunya. Na roƙi uwar biki ta bar ni in zuba haɗin Hajiya a ciki. Ƙamshi na tashi tsoffin nan suka fara leƙo kai, wata ta ce ke jikar Hansai, me kika saka? Kafin a sauke tuwo kwalina ya yi rabi. Su kuma waɗanda ba su zo da jakarsu ba suka ce in bi su gida.

To kin san ƙauye. Mata ba sa bi ta titi, kowane gida da 'yar kafa a jikin danga da ke ɓullawa gidan maƙwabta. Na karɓi 'yata na goya, ta nan muka bi. Daga gidan Malam zuwa na ƙaninsa, daga nan gidan mai unguwa, daga nan rugar bayan gari inda aka cika ni da kindirmo. Ban sake ganin titi ba sai a ɗaya ƙarshen garin, kwali ba ko leda ɗaya. Waya tana ta kuka a jakata, na duba, Oga Dabo. Na bar ta ta yi ta yi. Na tare mai babur na koma Gwaram.

Shi kuwa, 'yar goggona ce ta ba ni labari. Yana jin hayaniya da guɗa a cikin gida, duk zatonsa ina ciki ina yi masa aiki. Aka kawo masa fura ya sha. Aka kawo tuwo da miyar da na gyara, ya cinye har yana yaba hannun matan Kwandiko. Duk sanda ya yunƙura zai tashi, Malam Sada ya ce haba baƙo, ai ba a tafiya ba a ci naman suna ba, ya ɗauko masa labarin tafiyarsa Gabas neman karatu daga farko. Ga ruwa ya sauko, zauren yana yoyo daidai kan shaddar.

Hajiya ta duba kwalina, ta juya shi ƙasa, ta tambaye ni ina abokin tafiyata. Na ce yana Kwandiko yana jira. Ta tsare ni da ido, ni kuma na kwashe komai na faɗa mata, tun daga gidan raino. Sai ta miƙo hannu ta karɓi Bara'atu ta ɗora a cinya. Ta ce ita ma da goyo ta fara dakan yaji. Ta ce aikin nawa ne, kuma in nemo mata mata huɗu ko biyar da za su riƙa shiga gidaje a Sara da Sundimina.

A gabanta na ɗauko waya na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, yana ina kike, ina kike. Na ce:

"Oga, na ce zan kira ka, ga shi na kira. Ni ina cika alkawari. An ba ni aikin, ka dawo wa Hajiya da kayanta kar su jiƙe."

Ya ce Lailatu ke ce da wannan? Na ce ni ce, wadda ba ta zama. Na kashe.

Yunusa ya ce na yi yawa, wai in yafe. Na ce zan yafe, amma ba wannan satin ba.

Yanzu ke dai ki shirya, ranar Asabar za mu je wajen Hajiya. Ki biya ki faɗa wa Murja da Zahara'u, kowa ta zo da goyonta, kar wadda ta bar ɗa a gida don tsoro. Kuma don Allah ki bi ta shagon mai kayan kwalliyar nan ki ba da labarin da ƙarfi, har da yoyon zauren, ta yadda zai koma kunnen duk wanda aka gaya wa ba na zama.