Geron Ɗanbaba a Filin Ƙwallo

Tun Haliru yana da baƙin gashi yake koya wa samarin Danchadi ƙwallo a wani fage bayan gari, ba raga, ba katanga, sai awaki. Sai ga haɗin gwiwa ya zo: ƙaramar hukuma ta ba da fagen, wani kamfanin sayen albasa ya zagaye shi da doguwar katanga, ya kafa raga, ya sa ƙofar ƙarfe. Haliru har rawa ya taka, da furfurarsa.

Aka garƙame ƙofar, aka sa tsoho Ɗanbaba gadi. Ai ba a taka sabon wuri sai manya sun zo sun yanke ƙyalle. Kamfani ya ce sai shugaban ƙaramar hukuma ya sa rana, shugaba ya ce sai mai kamfani ya dawo daga tafiya. Haliru ya yi ta zirga-zirga zuwa Bodinga, hedikwatar ƙaramar hukumar, har tayar babur ɗinsa ta suɗe. Rani ya wuce, damina ta sauka, samari na buga ƙwallo a lungu. Garin neman gira an rasa ido.

Ga kuma gasa ta matso. 'Yan Dandin Mahe za su taso daga Shagari ranar Asabar, kuma doka ce, ƙungiyar da ba ta da filin karɓar baƙi cire ta ake yi. Haliru ya gaji, gajiyar da barci ba ya magani. Shi ma shugaba ya gaji da ganinsa, ya ce ya je a buɗe masa, a yi bikin daga baya.

Ɗanbaba ya buɗe ƙofa yana sunkuyar da kai. Daga wannan raga zuwa waccan, gero ne kore shar, ya kai ƙirjin mutum.

"Ɗanbaba! Mi kay yi haka?"

"Malam Haliru, hili da katanga, babu akuya babu saniya, ga ruwa na zuba, in zauna ina kallo nai? Ko Allah sai ya tambaye ni." Ya ɗauko adda ya miƙa masa. "Ni dai ban iyawa. In kana iyawa, bisimilla."

Haliru ya karɓa ya shiga. Manomi ne ɗan manomi, kuma kaf zuriyarsu ba wanda ya taɓa sare hatsi ɗanye. Ya daɗe tsaye daidai inda ake ajiye ƙwallo a take wasa, ganye na shafar hannunsa. Can ya sunkuya, ya tuge wata ciyawa daga gindin shuka ya yar.

"Wanga wuri na son maimai," ya ce, ya mayar wa tsohon addarsa.

Ya fita ya zauna kan babur, ya ciro waya, ya kira 'yan Dandin Mahe ya ce kada su wahalar da kansu ranar Asabar.