Maƙwabcin da Ba Ya Cikin Littafin

Ni dai ban tashi da niyyar yi wa mahaifiyata ƙarya ba. Kunya ce ta fara jawo abin, Mama kuma ta ƙarasa sauran da kanta.

Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. Tana gane haske, tana gane mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, amma rubutu sai dai ta shafa takarda. Tun daga nan duk abin da aka rubuta a gidanmu ta bakina yake bi. "Auta ce idona," haka take gaya wa duk wanda ya zo dubiya, ta ƙara da cewa ban taɓa yi mata ƙarya ba. Da abin ya tsaya a takardar magani da ban damu ba. To amma Mama mayyar littattafan soyayya ce. Na cikin kwalin da ke ƙarƙashin gadonta duk ta haddace su, sai dai in sayo sababbi. Kullum na dawo daga makarantar da nake koyar da lissafi, kafin in cire takalmi zan jiyo muryarta daga falo: "Auta, mun tsaya inda ya biyo ta tashar mota."

A rana ta uku da fara sabon littafi na farko muka kai shafi na arba'in da biyu. Injiniya ya rufe ƙofa, ya kama hannun ma'aikaciyar banki. Idona ya riga bakina isa sakin layi na gaba, na ga abin da ke can. Shekarata talatin da huɗu, amma ban yi girman da zan karanta wa uwar da ta haife ni wannan ba.

"Kin yi shiru," in ji Mama.

"Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa," na ce.

"Wane ne kuma?"

"Maƙwabci ne. Wani tsoho. Wai ya zo aron tsani."

"Tsani? A wannan lokacin?"

Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa. Ni kuwa na tsallake shafi biyu a hankali, na ci gaba daga inda gari ya waye musu a labarin, ina jin kaina wata mai dabara.

Abin da ban lissafa ba shi ne marubucin nan ba ya gajiya da rufe ƙofa. Duk bayan shafi talatin sai ya rufe wata, ni kuma dole in aiko tsohon ya buɗe. Ya ari tsani, ya ari guduma, ya ari dutsen guga, ya ari cajar waya alhali ba shi da waya. Bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Yana shigowa zai ce, "Ba zama zan yi ba," yana faɗa yana jan kujera tsakanin masoyan, ya ɗauko musu labarin ciwon gwiwarsa tun daga shekarar da ya fara. Mama ta raɗa masa suna Mai Tsani. Kafin mu kai rabin littafin ta daina damuwa da ko Injiniya zai auri yarinyar. Da zarar an rufe ƙofa sai ta gyara zama, ta juyo da kunnenta, tana jira.

Da muka gama na yi ajiyar zuciya, na ce na rabu da shi. Littafi na biyu wani marubucin ne daban, labarin ma a wani otal ne a bakin teku. Mama ta saurari babi huɗu tana hamma, ta ce wannan ba shi da gishiri. A babi na biyar wannan marubucin ma ya rufe tasa ƙofar, kuma ya fi na farkon rashin kunya nesa ba kusa ba.

"Sai aka ƙwanƙwasa," na ce.

"Kar dai ki ce min shi ne."

"Shi ne."

"Me ya kai shi bakin teku?"

"Hutu ya je. Likita ya ce ruwan gishiri zai taimaki gwiwar."

A littafi na uku injin hawa bene ya tsaya da masoya su biyu tsakanin hawa na shida da na bakwai. Babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na rasa yadda zan yi, sai na ce ashe yana tsaye a kusurwa tun ɗazu, rungume da tsaninsa, ba su lura ba. Mama ba ta tambayi yadda tsani ya shiga ba. Cewa ta yi daman ta ji a jikinta.

Ba wanda ya san wahalar da tsohon nan ya ba ni. Mama ba ta mantuwa. Rannan na ce gwiwarsa ta dama, ta tare ni nan take, wai ta hagu ce. Na ce ciwon ne ya koma. Daga ranar na ware shafukan bayan littafin da nake rubuta makin ɗalibai, ina tara bayanansa: matarsa ta rasu, yana da kyanwa mai ido ɗaya, ba ya shiri da surukinsa, tsanin Injiniya har yanzu yana wurinsa. Ina zaune a ɗakin malamai, abokan aiki na shirya darasin gobe, ni ina tunanin me wani tsoho da babu shi a duniya zai ara da yamma. Ni da nake jan kunnen ɗalibai in sun ƙara sifiri ɗaya inda babu shi.

Har rigima ya haddasa. Ƙawar Mama, wadda muke kira Gwaggo Nas saboda ta yi aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta gaji da jin labarinsa a waya, ta je ta sayi littafin farko. Bayan kwana huɗu ta kira ta ce ta karanta daga bango zuwa bango, ba ta ga tsani ba, ba ta ga mai shi ba. Ina wanke-wanke ina jin Mama tana cewa, "Jabu aka sayar miki. Ke daman ba kya duba kaya kafin ki saya." Mako guda ba su yi magana ba, mutanen da suka shekara arba'in tare.

Ana haka Yaya, babban wanmu da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, ya shirya a yi mata aikin ido. Likita ya haska, ya duba, ya ce in an cire yanar ba za ta yi wata guda ba za ta karanta ƙananan rubutu da tabarau. Kowa ya yi murna. Ni ma na yi, Allah ya sani, amma tun a motar dawowa na fara lissafin abin da za ta gano.

Da littafi ne kaɗai da na haƙura na sha faɗa. Ba shi kaɗai ba ne. Yaya mutum ne da ke rubuta saƙo kamar haruffan za su ƙare masa: "Ya Mama?" "To." "Aiki ya yi yawa." Ran da na fara karanta mata saƙonsa yadda yake, ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta juya fuskarta bango. Da na gaba ya zo sai na ƙara masa jimla ɗaya, cewa yana kewarta. Jimla ɗaya ta zama uku. Wanda ya iya saka tsoho da tsani cikin injin hawa bene, sa wa ɗa magana mai daɗi a baki ba zai gagare shi ba. A cikin shekara biyu na mayar da Yaya ɗan da kowace uwa za ta so ta haifa, shi bai ma san ana yi ba. Kuma saƙonnin suna nan jere a wayarta, ta hana a goge ko ɗaya, wai da idonta za ta sake bin su.

Na yi ƙoƙarin rage kaya kafin ranar aikin. Na fara da Mai Tsani: na sa ya hau tsanin, ya zame, ya faɗo. Mama ta ture kwanon abincinta, ta ce wane irin marubuci ne wannan mara imani, mutum bai tare wa kowa komai ba. Hawaye na gani sosai a idon da ba ya gani. Washegari dole na tashe shi, na ce ashe suma ya yi, ya farka a asibiti yana neman aron filon maƙwabcin gadonsa. Na so in ɓatar da littafin farko, na tarar ta tura shi ƙarƙashin matashinta, wai da shi za ta buɗe ido. Wayar kuwa na riƙe ta ya fi sau biyar, yatsana a kan gogewa, na kasa. Gajeru ne, amma su ne kaɗai abin da ɗanta ya rubuto da hannunsa.

Aiki ya yi kyau. Abin da ta fara gani bayan an cire bandeji shi ne na rame, na biyu kuma labulen falo bai dace da kujeru ba. Bayan mako uku muka karɓo tabarau. Ranar Asabar ce da hantsi ta zauna kusa da taga, ta ɗauko littafin. Ni kuma na fita tsakar gida na hau wankin kayan da na riga na wanke, ina jiyo ƙarar buɗe shafi.

"Auta."

Na zo ina goge hannu a zani.

"Shafi na arba'in da biyu," ta ce, tana kallona ta saman tabarau. "Ya rufe ƙofa. Na jira. Na karanta arba'in da uku, na karanta arba'in da huɗu. Har suka gama abin da za su yi, babu wanda ya zo aron komai."

"Mama, kunya na ji."

"Kunya. Ke a ganinki daga sama kika faɗo? Abin da ke shafin nan na san shi tun ba a san za a haife ki ba, kuma ma bai iya rubuta shi ba." Ta buɗa gaba da sauri, ta dawo baya. "Ko sau ɗaya babu shi?"

"Babu."

"Kyanwar fa?"

"Ita ma."

"Na ce wa ƙawata ba ta iya sayen kaya ba. Na ƙi cin abinci saboda mutumin da ba a taɓa haifa ba." Ta rufe littafin, ta ɗora hannu a kansa. Na ga bakinta yana son yin dariya, har na fara jin sanyi a raina. Sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta daɗe tana kallon bangon littafin, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Miƙo min wayata."

Na miƙa mata. Ban zauna ba, ban kuma tafi ba. Ta riƙe ta nesa kaɗan da fuska, tana ja da yatsa ɗaya a hankali, leɓenta na motsi. Karatun bai ɗauke ta lokaci ba, don babu abin karantawa da yawa. Shekara biyu ta ƙare a ja biyar ko shida.

"Lokacin da na yi zazzaɓi, da ya ce ya kasa aiki don tunanina. 'Allah ya ƙara sauƙi' ne kawai a nan."

"E."

"Ina saƙon da ya ce yana tuna yadda nake tsayawa a ƙofar makaranta da lema in ana ruwa?"

"Babu shi, Mama."

"To wa ya tuna?"

"Ni."

Ta sauke wayar a cinyarta. Na so ta yi faɗa, faɗanta na san yadda ake ɗaukarsa. Haushi ya cika ni, na Yaya, na marubutan da ba sa barin ƙofa a buɗe, na kaina fiye da kowa, ga kuma tausayinta. Ta cire tabaran, ta naɗe su, ta ajiye a kan littafin. Ta miƙo min wayar, ta jingina, ta rufe idon da aka sha wahalar buɗewa.

"Akwai na jiya, ban buɗe ba. Karanta min."

Na buɗe. Na karanta shi yadda yake, ban ƙara ko wasali ba: "An ce ido ya buɗe. Madalla."

"Ci gaba."

"Iya shi ke nan, Mama."

"Na sani. Nasa ya ƙare," ta ce, idonta a rufe. "Ke nake ce wa ki ci gaba."

Na kife wayar a kan tebur, na jawo kujera kusa da ita. Shekara biyu ina zuba magana da bakin wasu ba ko gargada, yau da aka ce in yi da nawa na rasa ta inda zan fara. Ita kuwa ba ta buɗe ido ba, ta juyo da kunnenta tana jira.