Haƙori a Kan Rufin Kaka

Kwana huɗu kamfani ya ba Shunpei na hutun Obon, bikin tunawa da magabata na tsakiyar Agusta, uku sun riga sun tafi. Yau da ƙarfe biyar da kwata jirgin ƙasa zai kai shi Nagoya, daga can jirgin sama ya mayar da shi Kushiro, inda aka tura shi aiki shekara uku ke nan, shi kaɗai a ɗaki ɗaya. Sau biyu yake zuwa gida a shekara. Lokacin da ya tafi, ƙaramar 'yarsa Suzu tana da shekara uku. Yanzu shida gare ta. Ranar da ya iso, ita ce ta ruga ta ɗauko silifas ɗin da ake ba baƙi, ta jera masa a bakin ƙofa, ta sunkuya.

"Sannu da zuwa, Baban Yaya."

Kowa ya yi dariya. Shi ma ya yi, ya zura ƙafa a silifas ɗin.

Haka take kiransa. Tana jin uwarta Yoriko na cewa Baban Kanae, sai ta bar wa yayarta Kanae shi gaba ɗaya. Kwana uku ba ta yarda ya ɗauke ta ba. Da ya miƙa hannu sai ta zagaya bayan uwarta, tana leƙensa da ido ɗaya, tana tura haƙorinta da harshe.

Haƙorin na girgiɗi. Na ƙasa ne, kuma shi ne na farko. Na Kanae na farko, a wuyansa ya ɗora ta ta jefa shi, bisa al'ada don sabo ya fito, kan rufin Kaka, mahaifiyar Yoriko, a nan Mizunami inda suke zuwa hutu. Shunpei ya so a ce na Suzu ya faɗi kafin ya tafi. Jiya har gasasshiyar masara ya saya mata, Yoriko ta harare shi ta karɓe.

Zuwa bakin kogin Toki dabarar Kanae ce. Malaminsu ya ba su aikin hutu, ita kuwa ta rantse sai ta kai haƙorin kifin shak, irin wanda ya zama dutse tun garin yana ƙarƙashin teku. Suka rubuta suna a gidan tarihi, aka ba su takarda mai hotuna, suka gangara da guduma da cizal na tsaga dutse.

Tun ƙarfe goma yake durƙushe a kan farin dutsen. Rana ta buɗe, gyare na ta tsuwa a cikin itatuwa. Ya kafa cizal, ya buga, dutse ya tsage, katantanwa. Ya sake, katantanwa.

"Baba, dutsen kake nema ko yatsanka?" in ji Kanae. "Sau uku ke nan ina ƙirgawa."

"Yi naki aikin."

"Ai na fi ka. Sha ɗaya gare ni, kai huɗu, biyu ma ka farfasa."

Yoriko na zaune ƙarƙashin laima da gorar shayin sha'ir. "Baban Kanae, zo ka sha ruwa. In ka faɗi a nan ba mai iya ɗaukarka."

Bai je ba. Suzu na gefen uwarta, tana jera tsakuwa a kan tawul. Ya san haƙorin kifin na Kanae ne in an samu. Amma duk bugun da zai yi, sai ya ɗaga kai ya ga ko ƙaramar na kallo. Ba ta kallo.

Da rana ta take suka ci dunƙulen shinkafa. Suzu na gutsura da gefen baki.

"Ci da haƙoran gaba mana, matsoraciya," in ji Kanae. "Kwana nawa ya rage ki zama mai giɓi kamar Kaka?"

"Mama, kin ga Yaya ko?"

Ya koma bakin dutse. Tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe. Ƙarfe biyu da rabi ya ɓamɓaro wani guntun dutsen da bai kai tafin hannu ba, ya juya shi don ya yar, sai wani abu ya yi ƙyalli. Baƙi ne, mai kusurwa uku, bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Ya ajiye guduma. Da bakin cizal ya riƙa kankarewa a hankali, har abin ya faɗo masa a hannu.

Ihun Kanae sai da ya sa mutanen da ke can ƙasa suka waiwayo. Ta kama wuyan hannunsa tana tsalle. Yoriko ta taso. A bayanta, Suzu ta tako, ta tsaya daf da gwiwarsa, kusancin da ba ta taɓa yi ba tun zuwansa. Yana jin numfashinta a hannunsa.

"Faɗuwa ya yi?" ta tambaya.

"Faɗuwa ya yi. Tun da daɗewa."

"Wa ya jefa masa?"

"Ba kowa."

Ta ɗaure fuska. "To ke nan sabon bai fito masa ba?"

"Ke, kifin ya mutu tun kafin a haifi kakar kakar Kaka," in ji Kanae.

Suzu ba ta kula ta ba. Ta sa yatsa ta taɓa tsinin. "Na sama ne ko na ƙasa?"

Shunpei ya dubi haƙorin. In na sama ne, ƙarƙashin daɓen katakon gida za a jefa shi, ko jariri mai rarrafe zai iya. In na ƙasa ne, sai kan rufi. Rufin Kaka kuwa yana da tsawo.

Kanae ta riga ta buɗe takarda, tana bin hotunan da yatsa. "Ga shi nan. Masu faɗi irin wannan ai na..."

"Na ƙasa ne," in ji Shunpei.

Kanae ta ɗago. Ta dube shi, ta dubi ƙanwarta, ta sake duban haƙorin da ta yi wata guda tana zancensa. Sannan ta ninke takardar gida huɗu ta tura a aljihu.

"Mama, ba ni waya in ɗauki hoto. Malam sai ya yi haƙuri da hoto." Da ta sunkuyo ɗauka, ta yi ƙasa da murya. "Baba, ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ya yi ja."

Ƙarfe huɗu saura suka isa gida. Kaka ta fito tana goge hannu, aka ba ta labari, ta yi dariya har giɓinta ya bayyana.

"Yau kuma kifi za mu yi wa? To, rufina ya ga haƙorin uwarku, ya ga na Kanae, ɗaya ba zai karya shi ba."

Suzu ta ce ita kaɗai za ta jefa. Ta haɗa ƙafafu daidai, don sabon ya fito a miƙe, ta wurga da iya ƙarfinta. Haƙorin ya bugi bango ya faɗo cikin tsakuwa. Su biyar suka duƙa nema, Kaka ce ta gano shi.

"Tsawonki bai kai ba, 'yar nan. Sai an ɗaga ki."

"Mama."

"Bayana ciwo yake," in ji Yoriko, tana kallon wani wuri.

"Yaya."

"Ni? Buhun shinkafa kamar ke?"

Suzu ta juyo. Ta dube shi daga ƙafa har kai, kamar mai auna tsani.

"Baban Yaya, durƙusa."

Ya durƙusa. Ta hau wuyansa, ta damƙi gashinsa da hannu ɗaya. Ya miƙe a hankali. Ta fi yadda ya zata nauyi, ƙafafunta duk ƙurar dutse, tana warin rana da shayin sha'ir.

"Ƙafafuna ba su haɗu ba," ta ce.

"Na haɗa nawa. Ya wadatar."

"Haɗa sosai."

Ya haɗa sosai. Ta ɗaga murya ta ce ɓera ya karɓi wannan ya kawo irin nasa, ta wurga. Suka ji ƙas, ƙas, a kan rufi, sannan shiru. Bai gangaro ba.

Ya jira ta ce a sauke ta. Ba ta ce ba.

"Ina ganin kogi daga nan."

"Me kuma?"

"Jirgin ƙasa. Da karen gidan can."

Ya tsaya cak, ƙafafu a haɗe, hannuwansa riƙe da idon sawunta. Yoriko ta dubi agogo. Sai da ta duba karo na uku ta ce, "Baban Kanae, jakarka."

A tasha Suzu ta koma bayan uwarta. Jirgi ya shigo, ya ɗauki jaka, sai ya ji an ja masa wando.

"Nawa ma na ƙasa ne."

"Na sani."

"Yaushe za ka sake zuwa?"

"Sabuwar shekara."

"Wata huɗu da rabi fa," in ji Kanae. "Wannan haƙorin ko jibi ba zai kai ba."

Suzu ta janye harshenta daga jikin haƙorin. Ta rufe baki, ta ɗora hannu biyu a kai.

Ƙofa ta rufe. Ta taga ya ga Yoriko da Kanae na ɗaga masa hannu. Suzu ba ta ɗaga ba, hannuwanta na kan bakinta, haka take har jirgin ya sha kwana. Ya zauna. Fatar kansa na zafi a inda ta riƙe, ya kai hannu zai shafa, sai ya fasa.