Akwatin da Ya Riga Mai Shi Isowa

A ƙasar Adar, idan ɗan bida, wato ɗan ci-rani, ya aiko da akwatinsa gida, ba sai an tambaya ba, mai akwatin yana tafe. Haka kowa ya taso ya tarar. Mutum zai tafi Abijan neman abin kansa, ya yi ta aiko da atamfa da ɗan abin cefane, amma akwatin ƙarfen da ya bar gida da shi yana nan ƙarƙashin gadonsa sai ranar da ya gama da bariki. Shi ya sa da aka sauke akwatin Sadiƙu a ƙofar gidan Gambo kafinta, cikin garin Tawa, mata suka rangaɗa guɗa tun ba a buɗe shi ba.

Gambo bai yi guɗa ba, amma sai da ya zaga bayan ɗaki ya share ido. Sadiƙu ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, yaron bai tako Tawa ba, waya ma sai ya ga dama. Matar Sadiƙu, Rahama, tana nan cikin gida tana daka tana wanki, ƙuruciyarta na ƙarewa a gaban kowa. Ubanta kuwa ya riga ya aiko daga Bambeye cewa haƙurinsa ya ƙare. In aka yi shukar bana mijinta bai dawo ba, zai zo ya ɗauki 'yarsa, alƙali ya raba auren.

Da aka ɓalle kwaɗon, sai ga tsofaffin riguna da wata matacciyar rediyo. A ƙarƙashinsu akwai kwali, a cikin kwalin kuma jirgin ƙasa, ɗan mitsitsi. Kan jirgin bai wuce tafin hannu ba, ga taragai, ga guntayen layin dogo masu shiga cikin juna, waɗansu miƙaƙƙu waɗansu lanƙwasassu, har da 'yan gidaje da gada. Da gani daga gidan Baturen da Sadiƙu ya yi wa gadi ya fito.

Habsatu, uwar gidan, ta riƙe haɓa. "Shekara da shekaru, kayan wasan yara anka aiko muna?"

"Ke ba ki gane ba," in ji Gambo. "Yaron ga ya tuna."

Shi ma Gambo ya yi bida da ƙuruciyarsa, ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Wagadugu zuwa Abijan, kuma babu wanda ya sha labarin nan kamar Sadiƙu. Yaro yana zaune cikin garin katako, uba yana fiƙe ƙyaure yana kwaikwayon kukan jirgi. To ga shi yau an aiko masa da jirgin har gida. Wace shaida kuma ake nema?

Washegari ya sa babbar riga ya nufi Bambeye. A gaban uban Rahama da dattawan unguwa ya buga ƙirji ya ce akwati ya iso, mai shi na bisa hanya, in ƙasa ta jiƙa bai zo ba a kira shi maƙaryaci. Aka yi fatiha aka tashi.

Daga ranar nan Gambo ya zama injiniya, ba wanda ya naɗa shi. Ya kwashe kayan ɗakin da ke jikin zaure, ya durƙusa da alli yana zane a siminti. Nan tashar Tawa, can Affala, Bambeye kusa da taga don suruki ya ga an darajanta shi. Ya zana ya goge, ya sake zanawa. Ya yi tunanin tudun laka da jirgi zai ratsa ta cikinsa, ya yi tunanin batirin mota saboda wutar gari ba ta da alƙawari. Tsayin teburin da za a ɗora jirgin a kai ma sai da ya sha lissafi. Ya rage shi, ya ƙara rage shi, don jikokin da ba a haifa ba su iya leƙawa ba tare da an ɗaga su ba.

Sai lanƙwasassun layukan suka ƙi shi. Duk yadda ya jera su, da'irar da suke yi ta fi faɗin ɗakin. Wani zai haƙura da ɗan gajeren layi, amma Gambo ya ɗauko diga ya rushe bangon da ya raba ɗakin da ma'ajiyar kayan aikinsa. Masu ƙyamare da gadaje suka yi ta zarya suna komawa hannu biyu, har suka gaji suka kai aikinsu wani wuri. Habsatu ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Wayar Sadiƙu ba ta shiga, Gambo ya ce ai haka wayar matafiyi take. Jirgin kuwa bai yarda an kunna shi ko sau ɗaya ba, ya ce sai mai shi ya zo.

Ruwa ya sauka. 'Yan bida suka yi ta dawowa da jakunkuna da sababbin takalma, gari ya fita shuka. Gambo ya daina zuwa majalisa, don ya gaji da tambaya, kuma tsoro ya fara cin sa.

Wata la'asar aka yi sallama. Alhusaini ne, mutumin Affala, wanda suke ɗaki ɗaya da Sadiƙu a Abijan. Gambo ya ja shi ciki da rawar jiki yana nuna masa zane, yana bayanin inda gada za ta zauna. Baƙon ya dubi rusasshen bango, ya dubi alli.

"Baba Gambo, ashe ba a hwaɗa maka ba?"

"Mi za a hwaɗa mini?"

"Sadiƙu ya gama da Abijan, wannan gaskiya na. Aikin gadi ya ƙare, ya saida komi nai. Abin da bai saidu ba shi ne yaz zuba cikin akwati. Amma ba gida yan nuhwa ba, Baba. Libiya."

Gambo ya dafa bango. "Libiya? Ta ina?"

"Ta nan. Tare munka shigo kar, babbar motar haya, har tashar Tawa, tun kahin ruwan hwari. Ni nis sauka. Na ja hannunai, na ce ko ruwa ka shiga ka sha. Yaj ja rawani yar ruhe huska, ya ce ba shi iya shiga gida hannu wohi. Kar ɗin Agadas yat tashi da shi."

Daga tashar zuwa ƙofar Gambo, ko tsohuwa ba ta neman kabu-kabu. Wannan ne ya karya shi, ba Libiyar ba. Ɗansa ya shaƙi iskar unguwarsu, ya ji kiran sallar masallacinsu, ya wuce.

Ashe Rahama na bakin ƙofa, durƙushe da kwanon ruwan baƙo. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukinta ba, balle a kan zancen mijinta. Yau kunya ta sake ta.

"Malam Alhusaini, ya tambaye ni?"

Alhusaini ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi mata ƙaryar da ake yi wa mata, ya kasa.

Gambo ya dube ta. Shi ya tsare yarinyar nan da bakinsa, shi ya rantse a gaban mutane. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ɗiyata, ki ɗaure kayanki. Ba ni bari ubanki shi taso. Gobe ni ka kai ki da ƙahwata."

"To, Baba," in ji ta. Ta tura kwanon gaban baƙo ta tashi.

Baƙo ya yi sallama ya fita, Gambo bai iya raka shi ba. Ya zame ya zauna a ƙasa yana sauraron kuka daga cikin gida, ko ƙarar kwanukan da ake haɗawa. Bai ji ko ɗaya ba. Can sai ya ji taɓarya. Rahama ce ta koma kan turmi, don akwai tuwon dare, kuma daga gobe babu mai daka musu.