Papiyon da Kunyar Suruki

Mijina Chindo direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Konni da Malbaza. Mutumin kirki ne, kirkin ma har ya yi masa yawa. Ubana kuma, Malam Tanimun, makanike ne da ya tsufa a kan motoci masu kafireta, kuma har yau bai yarda zamani ya canza ba. Tsakanin waɗannan maza biyu na kusa haukacewa.

Motar Chindo ta fara wani ciwo. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta hau kakkarwa ta mutu. A shingen jandarma ta mutu, a kwanar kasuwa ta mutu, fasinja su fito suna turi suna zagi. Ranar da ta zube wasu mata da buhunan albasarsu a hanya da tsakar rana, shugaban tasha ya kira shi ya faɗa masa ba kwana-kwana: in ta ƙara zubar da fasinja a hanya, an cire shi daga layi. Layin nan kuwa shi ne tuwonmu.

Gun Baba ya kai ta, don ina zai kai? In ya kai ta wani wuri, duk Konni za a ce ya raina surukinsa. Baba ya leƙa inji, ya ga wani ɗan sukuru a gefen abin da suke kira papiyon, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, ya murɗa shi kamar yadda ya saba yi wa kafireta. Ya kuma ciro matatar iska ya huda ta da ƙusa, wai mota ta samu numfashi. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mota ta koma gurnani a tsaye, tana shan mai, mutuwar kuma ba ta fasa ba.

Na ce wa Chindo ya kai ta wani gareji. Ya ce ba zai iya haɗa ido da Baba ba in ya ji. Na ce shi da dama bai taɓa haɗa ido da shi ba? Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga mutum zai bar 'ya'yansa da yunwa saboda kunya.

Sai na yi dabara. Na ce ya kai ni Malbaza in dubo gwaggona. Muna shiga gari na nuna garejin wani Awal, wanda ke da na'urar duba inji, na rantse ba zan motsa daga kujerar ba sai an buɗe motar nan. Chindo ya waiga hagu da dama kamar ɓarawon akuya, sannan ya shiga.

Awal ya jona na'urarsa, ya kwance tiyon iska, ya kira mu mu gani. Cikin maƙogwaron baƙi ƙirin. Ƙurar kamfanin sumuntin Malbaza ta bi hudojin matata ta haɗu da maiƙo, ta daskare a gefen faifan da ke buɗewa yana rufewa. Ya ce dama datti ne ya fara toshe shi, hudar ta ƙara masa, sukurun nan kuma ba a taɓa shi, don ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙayyade iskar.

"Wa yat taɓa wanga sukuru?" in ji Awal.

Chindo ya ce wai wani ne a hanya. Na harare shi.

Awal ya fesa magani, ya goge da tsumma mai laushi har ƙarfen ya yi fes, ya mayar da sukurun mazauninsa, ya sa sabuwar matata, ya sake saita motar da na'ura. Da aka tayar, sai ka kasa kunne kafin ka ji inji. Har muka dawo Konni ba ta yi ko tari ba.

Nan Chindo ya ce ba zai yiwu mu wuce ƙofar garejin Baba ba mu gaishe shi ba. Na roƙe shi ya kashe motar daga nesa, ya ce hakan rashin ladabi ne. Ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Baba na zaune da dattawan unguwa. Bai gama amsa gaisuwa ba ya karkata kunne wajen motar.

"Hucinta ya yi ƙasa, mutuwa za ta yi. Buɗe min in ɗaga shi."

Wallahi Chindo ya tashi ya buɗe. Ya koma ya tsuguna, kai a ƙasa. Baba ya ɗauko sukuddireba ya nufi sukurun. Na dubi mijina ko zai ce uffan, yana ta zanen ƙasa da yatsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na fito na ɗora tafin hannuna a kan papiyon ɗin.

"Baba, kak ka taɓa. Gyaranka na yal lalata ta. Malbaza munka kai ta anka gyara."

Dattawa suka hau salati. Baba ya dubi sabuwar matatar, ya dube ni, ya ajiye sukuddireban a kan benci a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma abin ya soke ni, don ubana ne. Sai ga muryar Chindo daga ƙasa.

"Baba, a yi mata haƙuri, ƙuruciya ta. Ni ban so ba."

Dattawa suka yaba masa, suka ce suruki na gari ke nan, ni kuma aka bi ni da harara. Na yi wa Baba sallama, bai amsa ba.

A hanya mota na tafiya sumul, layinsa ya tsira, ni ina haɗiye hawaye. Chindo ya gyara zama ya ce:

"Ai da kin bar shi ya murɗa. Gobe sai mu koma Malbaza a maishe shi, ba wanda ya ji kunya."

Na ce ya tsaya in sauka. Da ƙafa na ƙarasa gida.